SISIN DA BA NAMU BA

'Yan'uwana cikin Almasihu, musamman ku 'yan kwaya da masu riƙe jita da ganga a majami'a, salama a gare ku.

Iyayenmu sun san sisi, kwabo shida ke nan, rabin sule. To, akwai wata ƙungiyar mawaƙan Kirista a Amurka da ta sa sisi a cikin sunanta, Sixpence None the Richer, wato ko da sisin nan uban bai ƙaru ba. Sun ɗauko sunan ne daga wani misali da C. S. Lewis, marubucin Birtaniya, ya bayar: ƙaramin yaro ya je wurin mahaifinsa ya ce, Baba, ba ni sisi zan sayo maka kyauta. Uban ya ba shi, yaron ya sayo, ya kawo da murna. Uban ya karɓa, ya ji daɗi har cikin ransa, amma kowa ya san da kuɗinsa aka saya.

Matt Slocum mai jita da Leigh Nash mai zaƙin murya ne suka kafa ƙungiyar a garin New Braunfels na jihar Texas, a farkon shekarun 1990, ita Leigh tana 'yar budurwa. Faifansu na farko ya fito a 1994 ta hannun wani ƙaramin kamfani, R.E.X., kuma sunansa a kan marayu da gwauraye yake, mutanen da Yaƙub 1:27 ya ce mu kula da su. Suna cikin tasowa sai kamfanin ya durƙushe, aikinsu ya tsaya. Wani mawaƙin Kirista mai suna Steve Taylor ya ɗauke su zuwa sabon kamfaninsa, Squint, suka fitar da faifai a 1997. A cikinsa akwai wata waƙar soyayya, Kiss Me, wadda a 1999 ta kai matsayi na 2 a Billboard, jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, duniya ta ɗauka.

Abin da ya fi taɓa ni ya faru ne a shekarar 1999 ɗin. An gayyace su shirin talabijin na David Letterman, wanda miliyoyi ke kallo, aka tambayi Leigh ma'anar sunansu. A ranar da kowa ke jira ta faɗi gwanintarsu, sai ta ba da labarin yaron nan da sisin babansa, ta ce Allah ne ya ba su baiwar da suke mayar masa. Ina yawan tambayar kaina, da ni ne a kujerar nan, fitilu a kaina, me zai fara fita daga bakina?

Bayan wannan ɗaukaka, Squint ma ya shiga rikici, sabon faifansu ya maƙale sai 2002 ya fito. A 2004 suka rabu. A 2007 suka sake haɗuwa da sunansu na dā. Sau biyu ƙofa ta rufe musu ba da laifinsu ba, sau ɗaya aka ɗaga su sama, kuma a duk waɗannan shekaru muryar Leigh ita ce dai, yatsun Matt su ne dai. Kasuwa ce ke hawa da sauka. Baiwar tana nan yadda Mai ita ya ajiye.

Yanzu mu dawo gida. Mun ga wanda ya yi fushi ya daina zuwa koyon waƙa don an ba wani baitin da yake so. Mun ga wadda ba za ta buɗe baki ba sai an kira sunanta an gode mata a gaban jama'a. Akwai kuma wanda ya binne tasa baiwar, yana cewa me muryarsa za ta ƙara wa Allah. Gaskiya ne ba za ta ƙara masa kome ba, ɗan'uwa, amma ka manta uban nan ya yi murna da kyautar ɗansa? Mai kumbura da mai ɓuya duk sun ɗauka sisin nasu ne. Bulus ya tambayi Korintiyawa, me kake da shi wanda ba ba ka aka yi ba? In kuwa ba ka aka yi, don me kake fariya?

Sarki Dawuda ya tara zinariya da azurfa masu ɗimbin yawa don ginin haikalin da shi kansa ba zai gani ba. Da ya tashi yin addu'a a gaban jama'a, cewa ya yi kome daga wurin Ubangiji yake, daga cikin nasa ne suka ba shi. Yana nan a 1 Tarihi 29:14. Ina roƙon shugabannin kwaya, a taron koyon waƙa na wannan mako, kafin a taɓa ganga, a buɗe wurin a karanta tare.