Walƙiya ta jawo mini shan rubutu

A kasuwar waya ta Farm Centre nake da ɗan teburin gyara. Tsakanin azahar da la'asar kasuwa takan yi likimo, ko mai neman a canja masa gilashi ba ya leƙowa, kuma a irin wannan lokacin ne wani yaro mai koyon aiki a teburin maƙwabcina ya nuna mini Pokémon Showdown. Shafi ne a intanet, ba a biyan ko sisi. Ka haɗa dodanninka shida, a haɗa ka da wani ƙato daga Indiya ko Jamus, ku yi ta gwabzawa. Kowa ya zaɓi bugun da zai kai a ɓoye, sannan na'ura ta duba dodon da ya fi sauri, shi zai fara duka.

Yaron ya yi bayani mai tsawo, amma abin da kunnena ya ɗauka ke nan: wanda ya fi sauri shi zai fara. Na ce to ai magana ta ƙare.

Ni dama haka Allah ya yi ni. Kafin a hana acaba a Kano a 2013 na yi shekara biyu ina haya da babur, har yau tabon shataletalen Dangi yana gwiwata. Saboda haka da na ga Weavile sai na ji kamar na haɗu da 'yar'uwa. Wata baƙar halitta ce mai kama da muzuru, da jan kambi a ka, da farce uku a kowane hannu. A ma'aunin wasan saurinta 125, ƙarfin dukanta 120. Yaron ya sa yatsa ya nuna mini sauran layin, wai ranta 70 ne, garkuwar jikinta 65, kuma da yake jinsinta ƙanƙara ce da duhu, bugun 'yan dambe ninki huɗu yake yi mata. Na ce masa, "Kai yaro, wa zai dake ta? Sai ka kama mutum kake dukansa." Na raɗa mata suna Walƙiya.

Tsarin Sword da Shield na 2019 muke bugawa, inda Weavile ta yi tashe sosai. Kowa da maki 1000 yake farawa. Cikin mako uku na haura 1300, kai ya kumbura. Gaskiyar magana, duk wasan da na ci, Walƙiya ce ta share fage cikin minti biyar. Duk wanda na faɗi kuma, ita ce ta fara mutuwa cikin minti biyu. Na farkon nake ba da labari a wajen mai shayi. Na biyun kuwa laifin sabis ne.

Ana haka aka yi hutun makaranta, Nusaiba ƙanwar matata ta zo mana daga Gwammaja. Shekararta 16, ajin kimiyya, ba ta da yawan magana sai kallo. Ranar wata Juma'a bayan isha ina kishingiɗe a tabarma ina yi wa wani Bature kisan mummuƙe, ta leƙo ta bayan kafaɗata.

"Yaya, wannan 'yar taka ai ko atishawa aka yi kusa da ita sai ta faɗi."

Na ɗago na dube ta. "Ke kin san wasan ne?"

"Ina ɗan taɓawa."

Duk wanda ya taɓa zama gaban dara a bakin kasuwa ya san mai cewa yana ɗan taɓawa shi ne zai tashi da hularka. Na sani sarai, amma ƙanwar mata abokiyar wasa ce, ba a ja da baya a gabanta. Muka yi yarjejeniya: wasa uku, wanda ya ci biyu ya yi nasara. Ba kuɗi a ciki, kar a ce caca. In ta faɗi za ta yi mini guga mako guda, in na faɗi ni zan yi wanke-wanken gidan mako guda. Matata, Maman Amira, ta ajiye tsintar shinkafa ta ce ita ce alƙaliya. Murmushin da ta yi a lokacin ya kamata ya tsorata ni.

Kafin a fara ana nuna wa kowa dodannin abokin karawarsa. Da na ga nata sai da na kwanta don dariya. Akwai wani Conkeldurr, tsoho mai jan hanci riƙe da ginshiƙan kankare biyu kamar lebura ya tashi daga aiki, saurinsa 45. Akwai kuma Ferrothorn, wani dunƙulen ƙarfe mai ƙaya ta ko'ina, saurinsa 20. Ashirin! Ta sa masa suna Bushiya. Na ce, "Nusaiba, waɗannan ai kafin su iso fage an yi sallar asuba."

A wasan farko na ɗaura wa Walƙiya wata ɗamara da ake kira Focus Sash. Aikinta kamar laya ne: kowane irin bugu aka yi wa mai ita, ba zai mutu ba, za a bar masa ɗigon rai guda. Na ɓoye Walƙiya a baya kamar amarya, na tura wani ya fara. Bushiya ya fito bai doki kowa ba, sai ya watsa wasu duwatsu masu kaifi a ɓangarena. Na yi tsaki, na ce yarinya tana ɓata lokaci. Da lokacin amarya ya yi na sako ta, ƙafarta na taɓa fage kashi ɗaya cikin huɗu na ranta ya tafi. Ashe duwatsun nan, Stealth Rock, kashi ɗaya cikin takwas suke ci a jikin gama-garin dodo, amma a jikin 'yan ƙanƙara ninki biyu ne. Ashe kuma ɗamarar ba ta aiki sai rai yana cike fal. Layata ta karye tun a bakin ƙofa ban sani ba.

Duk da haka ta kashe guda, na yi kirari. Sai ga lebura ya shigo da kankarensa. Na danna bugu ina hamma, don 125 da 45 ba sa haɗa hanya. Kafin hammar ta ƙare Walƙiya tana ƙasa.

"Wannan ai maguɗi ne! Ya aka yi ya riga ni?"

"Mach Punch ne, Yaya. Akwai bugun da ba ya bin layi. Kamar jiniya ce a danja, ko da wace mota ka zo sai ka tsaya ya wuce."

Yaron Farm Centre ya taɓa faɗa mini haka, na tuna. A lokacin ina cin gurasa.

A wasa na biyu na cire ɗamara na sa mata takalmin Heavy-Duty Boots, wanda ke hana duwatsu cin ƙafa. Na lallaɓa na kashe lebura da wuri, Walƙiya ta wasa farcenta ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya da ɗaya. Na tashi na zaga tsakar gida sau biyu, na shiga ɗaki na fito da shaddodina guda biyar na jibge kusa da Nusaiba, na ce ta fara duba inda ya fi yamutsewa. Ba ta ce uffan ba, tana ta latse-latse a wayar yayarta.

A nan ne shaiɗan ya zauna a kafaɗata. Dodo abu ɗaya kawai yake iya riƙewa. Na duba takalmin nan da ya cece ni, na ga ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan, alhali ga Choice Band, wani ƙyalle da ke ƙara rabin ƙarfin duka a kan na asali, sharaɗinsa kawai bugun da ka fara da shi, shi za ka yi ta yi. Ba cin wasan kawai nake so ba, so nake a yi shekara ana labarinsa a Gwammaja. Na tuɓe takalmi na ɗaura ƙyalle. Garin neman gira.

Wasa na uku ya yi tsawo, har aka ɗauke wuta muka koma hasken waya. Sauran dodannina, da yake duk irin Walƙiya na tara, masu gudu marasa ƙashi, suka yi ta zubewa kamar ganyen darbejiya, amma su ma sun tafi da nata huɗu. Ya rage mini Walƙiya kaɗai. Ita kuma saura biyu: Bushiya a baya, da Landorus, wani dodon ƙasa, a fage, wanda ƙanƙara take yi wa ninki huɗu. Duwatsu na nan a shimfiɗe. Walƙiya ta shigo ba takalmi, ranta ya sauka daga 281 zuwa 211. Ban damu ba. Wa zai taɓa ta?

Sai na yi bayanin Triple Axel, don a fahimci irin zaluncin da aka yi mini. Shuri uku ne na ƙanƙara a jere, na farko ƙarfinsa 20, na biyu 40, na uku 60, kuma kowanne yana da damar samu 90 cikin 100. In ɗaya ya kuskure, sauran sun fasa. In ka lissafa, wajen sau 73 cikin 100 ne duka ukun suke shiga. A hannuna kuwa, a makonnin nan, na rantse ya fi kuskurewa a daidai lokacin da nake buƙatarsa. Har addu'a nake yi kafin in danna. Na yi bisimilla, na ce Allah ka sa duka ukun su shiga, na danna.

Nusaiba ta janye Landorus. Bushiya ya faɗo fage, tim.

Shuri na farko ya shiga. Sai na ga ran Walƙiya ya ragu sau biyu, 211 ya koma 130. Na ƙura ido. Ashe jikin Bushiya duk wanda ya taɓa shi ƙaya za ta ci kashi ɗaya cikin takwas na ransa. Latse-latsen da yarinyar nan take yi ɗazu kuma, kwalkwali mai tsini ta sa masa, Rocky Helmet, shi ma yana cin kashi ɗaya cikin shida a kowace taɓawa. Shuri na biyu ya shiga, 49. Na miƙe tsaye ina ihu, "Kuskure! Ki kuskure, don girman Allah!" Mutumin da ya roƙi ukun su shiga daƙiƙa biyar da suka wuce, shi ne yake neman a soke addu'arsa.

Ba a soke ba. Na ukun ya shiga da kyau, mafi ƙarfinsu, Bushiya ya ji jiki amma yana nan daram. Walƙiya ta kife. Babu wanda ya ɗaga mata hannu a wasan nan, ita ta yi ta shurin ƙaya da gudu har ta kashe kanta. Maman Amira ta yi dariya har Amira ta farka. Nusaiba ta tattara shaddodina ta miƙo mini da hannu biyu, cikin ladabi.

Ranar Asabar na yi wanke-wanke lafiya, ƙofar gida a kulle. Ranar Lahadi da hantsi ina tsugune a bakin rariya, na naɗe hannun riga, soso a hannu, tukunyar tuwon jiya tsakanin ƙafafuna ina kankare ƙanzo, matata da ƙanwarta suna kan tabarma suna shan shayi, sai na ji sallama. Amira ce ta bar ƙofa a buɗe. Hajiya ce, mahaifiyata, ta sauka daga adaidaita ba sanarwa.

Ni ne ɗan fari, Hajiya ba ta taɓa faɗar sunana ba. Ranar nan saura ƙiris. Ta dube ni, ta dubi tukunya, ta dubi masu shan shayi da suka zube suna gaisuwa, ta ja salati mai tsawo.

"Kai, me nake gani haka?"

Da na ce maman Amira ce ba ta da lafiya, da an wuce wajen. Amma na ga ana shirin ɗora wa baiwar Allah laifin mallaka, sai na ce bari in faɗi gaskiya.

"Hajiya, ba laifinsu ba ne. Alkawari na ɗauka. Dodona ce ta mutu."

"Dodonka?"

"Eh, wata ce baƙa mai farce uku, Walƙiya sunanta. Ƙaya ta taka."

Hajiya ta nemi kujera ta zauna a hankali. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Tun yaushe take zuwar maka?"

"Ba ta fi wata guda ba. Yawanci tsakanin azahar da la'asar, in kasuwa ta yi shiru. Wani lokacin da daddare."

Nusaiba ta tashi da gudu ta shige ɗaki, ina jin ta tana toshe baki da matashi. Na ɗauko waya don in nuna wa Hajiya hoton, ta kare fuska da mayafi ta ce kar in kuskura in kira mata ita.

Washegari da sassafe almajiri ya yi sallama da jarka cike da rubutu da ƙullin turaren hayaƙi, da saƙon cewa in sha safe da yamma kwana bakwai, kuma in daina zama ni kaɗai a kasuwa da rana tsaka. Nusaiba ce take zuba mini a kofi, bayan na gama wanke kofin da hannuna.

A kwana na huɗu yaron Farm Centre ya ba ni labarin wani dodo mai suna Regieleki, ɗan wutar lantarki, saurinsa 200, garkuwarsa 50. Nan take na buga wa Nusaiba waya na ce mu sake karawa. Ta ce ta yarda, amma wannan karon mako biyu, har da sharar tsakar gida. Na ce an gama, na kashe waya. Sai a lokacin yaron ya samu ya ƙarasa maganarsa, wai lantarki ba ya taɓa dodon ƙasa ko kaɗan, ya kuma tambaye ni ko yarinyar tana da irin su Landorus.