Shiru-shiru Ba Ragwanta Ba Ce a Fagen Wasa

A wuraren kallon ƙwallo a Kano, har ma a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata idan Kano Pillars na wasa, an saba jin ana cewa ɗan wasa mai zafin rai, mai yawan tsawa da hargagi, shi ne mai zuciya, yayin da ake yi wa mai kunya kallon wanda ba zai taɓuka komai ba. Wannan fahimta kuskure ce, domin ta haɗa zafin rai da jarumta wuri ɗaya.

Tun a shekarar 1908 masana biyu a Amurka, Yerkes da Dodson, suka nuna cewa zumuɗi yana ƙara ƙwazo ne zuwa wani mataki, idan ya wuce nan kuma sai aiki ya lalace. Shi ya sa mai bugun fenariti da zuciyarsa ke tafasa yakan ɗaga ƙwallo sama da raga, ko kuma mai tsaron baya ya kai wa abokin hamayya duka a banza, alƙalin wasa ya ɗaga masa jan kati, ya bar 'yan'uwansa goma suna haki.

Ngolo Kante, wanda duniya ta shaida kunyarsa, ya ci kofin Firimiya da Leicester a 2016, ya sake ci da Chelsea a 2017, sannan ya ɗauki Kofin Duniya da Faransa a 2018. A ganina, halin da ya fi tasiri ga kowane ɗan wasa shi ne naci wajen atisaye, wato fitowa fili da sassafe cikin sanyin hunturu ko da koci bai zo ba.