Haramta beli ba zai kori ɗan bindiga ko ɗaya daga dajin Rugu ba

Kiran nan ya sake tasowa a gidajen rediyo da shafukan sada zumunta na Katsina, cewa a yi doka da za ta haramta beli kwata-kwata ga duk wanda aka kama da zargin garkuwa da mutane ko kai wa 'yan bindiga bayanai. Babu mai zargin mutanen Batsari, Jibia ko Faskari idan suka yi wannan magana, domin su ne suke binne 'yan uwansu, su ne suke sayar da gonaki su biya kuɗin fansa. Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda masu ilimi, waɗanda suka san abin da doka ta tanada, suke rura wannan wuta don neman tafi.

Masu wannan kira suna magana kamar alƙalanmu suna raba beli ga kowa, alhali dokar da ke ƙasa ta riga ta matse ƙofar. Tun 2019 jihar Katsina ta mayar da garkuwa da mutane da satar shanu laifukan da ke ɗauke da hukuncin kisa. A Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka yi nasu makamantanta, sashe na 161 ya ce alƙalin Babbar Kotu ne kaɗai ke iya ba da belin wanda ake tuhuma da laifin da hukuncinsa kisa ne, kuma sai a yanayi na musamman, kamar rashin lafiyar da likitan asibitin gwamnati ya tabbatar, ko jinkirin bincike da gurfanarwa da ya haura shekara guda. Kotun Ƙoli ma, a shari'ar tsohon babban hafsan sojin ƙasa Ishaya Bamaiyi ta 2001 da ta jagoran tsagerun Neja Delta Asari Dokubo ta 2007, ta bayyana abubuwan da alƙali zai auna: girman tuhuma, ƙarfin hujjar masu ƙara, yiwuwar mutum ya tsere, da yiwuwar ya tsoratar da shaidu. A shari'ar Dokubo an hana beli saboda tsaron ƙasa. To wace ƙofa ce ta rage a buɗe?

Ƙofar ita ce jinkiri, kuma ba alƙali ne yake buɗe ta ba. Ana kama mutum a ƙauye, a kai shi gaban majistaren da ba shi da hurumin sauraron shari'ar, a tura shi gidan gyaran hali ana jiran shawarar Ma'aikatar Shari'a. Fayil ya kwanta, ɗan sandan da ya yi bincike a canja masa wurin aiki, shaidu su ƙi zuwa saboda sun san babu mai kare su idan sun koma gida. Bayan shekara guda lauya ya nemi beli, alƙali ya duba gabansa ya ga babu hujja, sai ya ba da. Daga nan jama'a su ce an sayi kotu. An bar jaki ana dukan taiki.

Masu kiran kuma ba sa son a tuna musu da cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba. Cikinsu akwai masu laifi na gaske, akwai kuma wanda gaba ta gona ko rikicin aure ya sa maƙwabci ya laƙaba masa sunan infoma. Duk wanda ya zauna a karkararmu ya san yadda wannan suna yake da saurin kamawa. Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, kuma tun kafin zuwan Turawa malamanmu suke karantar da cewa hujja tana kan mai da'awa. Idan aka haramta beli, zargi kawai ya isa ya rufe talaka shekaru, shi kuwa mai hali ba a ma kai shi kotu.

Wasu za su ce lokacin yaƙi ba lokacin ƙa'ida ba ne. Wannan magana ce ta wanda ya tabbata ba ɗansa za a kama ba.

Idan majalisar dokokin jiha tana neman aikin yi, ta tambayi Ma'aikatar Shari'a fayil nawa ne ke jiran shawara da kuma tsawon lokacin da suka yi, ta sanya wa'adin da ba za a ƙetare ba, ta ware kuɗin kare shaidu da kawo su kotu daga ƙananan hukumomi. Babban Jojin jiha kuma ya tilasta a riƙa bayyana dalilan duk wani beli da aka bayar kan babban laifi, domin mutanen garin da abin ya shafa su ji daga bakin kotu wane ne ya kasa kawo hujja.