Idan ruwa ya fara sarƙe mara lafiya, ku ajiye cokalin

'Yan'uwana matasa, mu ne masu jinya a gidajenmu, mu ke riƙe kofi da cokali, don haka da mu nake.

Kawuna da ke cikin Birni ya fara ne da cewa tuwo na tsaya masa a ƙirji. Ya koma fura, daga fura sai kunu, shi ma sai an tsinka. Wata da watanni muna zaryar kemis muna sayen maganin olsa, bawan Allah yana ta zubewa, babbar rigarsa kamar an rataye a ƙusa. Daga baya murya ta dushe, kuma ko kurɓi ɗaya ya yi sai tari ya turnuƙe shi, idanu su yi jawur. Mu kuwa me muke yi? "Kawu daure, ƙara cokali ɗaya." A ganinmu tausayi ne.

Sai da aka zura masa siririn bututu mai kyamara likita ya ce ciwon dajin maƙoshi ne, kuma ya yi nisa. Ya zana mana a takarda: hanyar abinci, mai tsawon kusan santimita 25, tana manne ne a bayan hanyar iska. Idan dajin ya ci bangon da ke tsakani, sai ƙofa ta buɗe, duk abin da aka haɗiya ya zarce huhu. Daga nan zazzaɓi, majina, nimoniya. Ashe kunun da muke ɗura masa nan yake tafiya. Har yau idan na tuna jikina sanyi yake yi.

Don Allah, wanda haɗiya ke masa wuya yana kuma ramewa, a kai shi babban asibiti, a Kano ga na Malam Aminu Kano, ga na Murtala. Addu'a kam ba a dainawa, amma a tofa masa, kada a ɗura. Kuma idan likita ya kawo maganar robar ciyarwa ta ciki, ko ragar ƙarfen da ake sawa ta buɗe maƙoshi ta toshe ƙofar (wani lokaci har a hanyar iska ake sa wata), kada wani ya miƙe ya ce za a wulaƙanta tsoho. Ragar ba ta kashe dajin, wannan aikin gashin na'ura da alluran daji ne idan jiki zai ɗauka, amma tana ba mutum damar haɗiya da numfashi.

Mu ma 'yan majalisa ba mu tsira ba. Sigari da giya na kan gaba wajen jawo wannan dajin, kuma a 2016 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa abin sha mai zafin da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa shi. Ka bar shayin nan ya huce, Malam.

Kwana biyu da sa wa Kawu ragar, ya sha rabin kofin kunun gyaɗa bai yi tari ba. Ya dube ni ya ce sukari bai ji ba.