Masu zagin masu fim don sun ɗaga rana, ina ɗinkin Sallar mutane?

Assalamu alaikum ƙannena na Nima da Mamobi da Newtown, har da ku na Madina da Fadama a nan Accra. Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Da gangan na bari sai da layya ta wuce aka cinye nama kafin in yi wannan maganar, don da na yi ta a lokacin da raina ke ɓace toh da ni ma na faɗa ramin da nake so in ja ku daga ciki.

Kun san abin da ya faru. Ranar 13 ga Yuni 2023 kamfanin Disney ya fito ya ce fim ɗin Avatar na uku ba zai fito a Disamba 2024 ba kamar yadda aka sa, sai Disamba 2025, na huɗu an kai shi 2029, na biyar kuma sai 2031 in da rai. Shikenan fa. Na tashi asuba na kunna waya na tarar grup ɗinmu na WhatsApp ya cika maƙil kamar an ce gobara ta tashi a kasuwa, na yi ta gangarawa ina neman wa ya rasu, ashe fim ne aka ɗaga. Wani ya tsine wa kamfanin da duk zuriyar masu shi. Wani ya rubuta wai gara tsohon nan James Cameron mai shirya fim ɗin ya mutu kawai a ba wani ya ƙarasa, har da hoton dariya a ƙarshe. Wani yaro da ya ce chale ku yi haƙuri mana, aiki ne mai wuya, nan take aka haɗa da uwarsa, baiwar Allah da ke can tana soya ƙosai ba ta san ma mene ne Avatar ba. Kafin rana ta fito an cire mutum biyu daga grup, kuma akwai abokai biyu da na sani tun suna makarantar allo tare, har yau ɗin nan in ɗaya ya zo bes shan ataya ɗayan sai ya tashi. A kan fim ɗin da ba wanda ya gani a lokacin.

Ba wa'azin kallon fim zan yi ba, wannan fagen malamai ne, kuma ni ma ina kallo. In faɗa muku gaskiya ma na riga ku yin wannan haukar. A 2008 ina saurayi, kamfanin Warner Bros suka ce fim ɗin Harry Potter na shida da aka sa zai fito 21 ga Nuwamba sun mayar da shi Yuli 2009, wata takwas cur. Lokacin ba kowa ke da intanet a waya ba, kafe muke zuwa a sayi awa. Na ɗauki kuɗin da Mma ta ba ni na abincin rana na sayi awa biyu, na zauna ina buga Turancina mai karyayyen ƙafa ina sa hannu a takardar koke, ina rantsuwa har ga Allah ba zan kalla ba in ya fito. Duniya duka haka aka yi ta yi, turawa ma sun yi ta aika wa shugaban kamfanin wasiƙun zagi. Me ya faru? Yuli ta zo, fim ya fito, ya tara sama da dala miliyan 900, masu rantsuwa su ne a gaban layi, ni kuma ina cikin na farko da suka nemi faifan. Abin da na samu a wannan gwagwarmaya shi ne yunwar wuni ɗaya da kaffarar rantsuwa da ban ma san tana kaina ba sai daga baya da na yi hankali.

To shi ya sa nake muku magana a matsayin wanda ya taka wannan hanyar. Mutanen nan ba su san da ku ba. Ba su san akwai wani wuri wai shi Nima ba, balle su karanta zagin da ka yi musu da Hausa ƙarfe biyun dare. Amma akwai waɗanda suka karanta, Suratu Ƙaf aya ta 18 ta gaya mana ba kalmar da mutum zai furta face akwai mai tsaro a shirye, kuma ban ga inda aka ce in da yatsa ka buga an yafe ba. Kai da ka yi wa mutum fatan mutuwa, an haife shi 1954, eh in ya kai 2031 yana da shekara 77, amma kai wa ya ba ka takardar cewa za ka ga 2025 ɗin? Samari nawa muka kai makwanci bana waɗanda ba su kai talatin ba?

Kuma abin da ke ba ni haushi, ba wanda ya tsaya ya tambaya me ya sa. Tun 2 ga Mayu 2023 marubutan fim na Amurka, sama da mutum dubu 11, suka shiga yajin aiki, suna cewa kuɗin da ake ba su in an saka aikinsu a irin su Netflix bai taka kara ya karya ba, kuma suna tsoron a maye gurbinsu da kwamfuta mai rubutu da kanta. Cikin wannan hargitsin ne Disney ta sake jera ranakun finafinanta, ba Avatar kaɗai ba, har da wasu na Marvel. Ma'aikata ne fa ke neman haƙƙinsu, kamar yadda malaman makaranta da nas-nas ke yi a nan Ghana mu ce suna da gaskiya. Shi kuma Avatar dama can ba a san shi da sauri ba, na farko ya fito 2009, na biyu da aka fara cewa 2014 bai fito ba sai Disamba 2022, shekara 13 tsakani, saboda Cameron ya nace sai an ɗauki motsin ƴan wasa a ƙarƙashin ruwa da gaske, har ƴar wasa Kate Winslet ta koyi riƙe numfashi sama da minti 7, sannan a kai wa masu kwamfuta a Niu Zilan su zauna su gina kowane kifi da kowane ɗigon ruwa. Da ya fito ba ku ne kuka cika mu da chale wannan ba fim ba ne, sihiri ne? To sihirin shi ne ya ci shekarun.

Ku tuna Chadwick Boseman, jarumin fim ɗin Black Panther. A 2020 ya saka bidiyo an ga ya rame, mutane suka yi ta masa dariya a intanet suna laƙaba masa sunaye, ashe bawan Allah tun 2016 yake fama da ciwon daji na hanji bai gaya wa duniya ba, 28 ga Agusta 2020 ya mutu yana da shekara 43. Black Panther na biyu da aka yi ta ɗagawa har sai Nuwamba 2022, ai sai da aka sake rubuta labarin gaba ɗaya ba shi, sannan jarumar fim ɗin Letitia Wright ta ji rauni wurin ɗauka aka tsaya. Mu kuma muna nan muna cewa sun raina mana hankali. Da ya fito muka ga Michaela Coel a ciki, ƴar iyaye ƴan Ghana, sai kowa ya koma tamu ce tamu ce. Ban ga wanda ya dawo ya goge zaginsa ba ko ɗaya.

Wani lokacin ma masu kallo ne ke jawo jinkirin da kansu, fim ɗin Sonic a 2019 da aka nuna tallarsa mutane suka ce wannan halittar ba ta yi ba, kamfanin ya ji, aka ɗaga daga Nuwamba zuwa Fabrairu 2020 aka sake zana shi. Wato in an yi sauri ku yi ihu, in an tsaya gyara ku yi ihu.

Sannan tsakani da Allah, ku nawa ne kuka hau trotro kuka je sinima a Accra Mall kuka biya kuɗin tikiti kuka kalli na biyun? Mu daina yaudarar juna. Yawancinku Telegram kuka jira, wanda aka ɗauka da waya a ɓoye, kan mutane na wucewa ta gaban hoto wani na tari a bayan murya. Ko sidi ɗaya naka bai shiga aljihunsu ba amma kana magana kamar ka ba su bashi. Abin da ya fita da gaske shi ne bondil ɗin da ka ƙona wurin zagi, a ƙasar da tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamba 2022, har gwamnati ta je ta karɓo rancen IMF a watan Mayu 2023. Iyayenmu na lissafin yadda za a haɗa kuɗin rago, wasu gidajen bana haɗa kai aka yi aka sayi sa ɗaya, kai kuma kana roƙon Hajiya ta tura maka momo ka sayi data ka zagi bature.

Amma duk wannan ba shi ne ya sa na ɗauki waya ba. Ga abin da ya sa.

Akwai wani ƙanena tela, ba zan faɗi suna ba, ba zan faɗi layi ba, ya san kansa kuma yana karantawa. Tun farkon Mayu, bayan ƙaramar Sallah da kaɗan, na kai masa shaddata don kar in shiga cunkoson layya, na tura masa rabin kuɗi ta momo nan take, ya ce Yaya sati biyu ka zo ka ɗauka. Sati biyu ta zama wata. Ana saura kwana biyu Sallah na je shagon da yamma bayan la'asar. Keken a rufe da tsumma, yaran shago biyu suna wasan ludu a ƙasa, wuta kuma akwai ta tunda fanka na juyawa, balle a ce dumso ne. Shi kuma masta yana kishingiɗe a kan teburin yanka, waya a bakinsa, yana ɗaukar murya zai tura grup, na tsaya a bakin ƙofa na ji shi da kunnena yana cewa mutanen nan ba su da alkawari, ba sa mutunta lokacin mutane, in ka san ba za ka iya ba me ya sa ka sa rana? Wallahi tallahi haka ya ce. Na duba saman kanta na hango ledata yadda na kawo ta, ƴar takardar da ya rubuta awona tana maƙale da allura, almakashi bai taɓa yadin ba. Na yi sallama ya zabura ya ɓoye wayar a ƙarƙashin cinya, Yaya wallahi gobe da daddare. Ban ce komai ba, dariya ce ma ta so ta kama ni, gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Kuma kar sauranku ku yi masa dariya, don ba shi kaɗai ba ne. Kai mai gyaran waya a Circle da ka riƙe wayar dattijo sati uku kullum sikirin bai iso ba. Kai mai walda da ka karɓi kuɗin ƙofa tun azumi. Ke mai kwalliyar amare da kika ce ƙarfe goma kika iso ana kiran azahar, amarya na zaune tana kuka ango na ta kiran waya. Kai da ka ci adashi ka ɗauke ƙafa, da kai da ka ajiye ƴar mutane shekara huɗu kullum bayan Sallah zan turo magabata, Sallah takwas kenan ta wuce ba a ga goro ba. Duk kuna cikin masu tsine wa Disney a daren nan, na ga sunayenku. Su aƙalla sun fito shekara ɗaya da rabi kafin ranar sun ce ba za mu iya ba, ga sabuwar rana. Kai kuma kashe waya kake yi, in an gan ka a hanya ka sha kwana ta bayan masallaci.

Zafin da kuka ji a ƙirji a daren nan ni ban raina shi ba, zafin jira ne, zafin a sa maka rai a janye. Ashe kun san shi. To irinsa ne dattijon nan ke ji duk sanda ya hau trotro zuwa Circle ya dawo hannu rabbana, sai dai nasa ya fi naka, don shi kuɗinsa ne da wayarsa, kuma ya san fuskarka ya san babanka. Tun muna makarantar dare aka karantar da mu hadisin nan na Bukhari da Muslim, alamar munafuki uku, in ya yi magana ya yi ƙarya, in ya yi alkawari ya saɓa, in aka ba shi amana ya ci. Malam bai ce ana nufin mutanen Amurka ba. Kuma insha Allahu da Suratul Kahfi ta koya mana mu riƙa faɗa, mun mayar da ita ƙofar gudu, har ya zama in ɗan Zango ya ce maka insha Allahu gobe sai gabanka ya faɗi.

Fushi ma in za a yi akwai inda ya dace. A Mayun 2015 da dumso ya ishi kowa mutane sun fito da fitilu da kyandir a Accra, wannan fushi ne mai adireshi. Ranar 3 ga Yuni na shekarar ruwa da wuta suka haɗu a Circle aka rasa rayuka sama da ɗari, mun san abin da toshewar gota ke jawowa, amma ran da aka kira aikin gayya a kwashe sharar babban gota na ƙirga waɗanda suka fito da shebur, masu dogayen muryoyin grup ba ko ɗaya, wai sun kwana kallo.

Abokan nan biyu, dan Allah tun kafin Juma'a ɗaya ya je ya sami ɗaya, an hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa sama da kwana uku, ku kuna neman wata guda. Wanda ya zagi uwar wani ya je har gida ya gaida ta, ba sai ya gaya mata dalili ba, ya sayi ƙosai ya biya da kyau. Wanda ya yi fatan mutuwa ya goge ya yi istigfari. Wanda ke riƙe da kayan wani kuma ya kira shi yau, shi ya kira ba a kira shi ba, ya faɗi ranar da zai iya da gaske ko da nesa ce.

Ni dai ranar Laraba 28 ga Yuni tsohon kaftanina na bara na goge na sa na tafi idi a Independence Square, uwargida na ta min tsiya a hanya. Jiya na sake biyawa ta shagon, an yanka yadin alhamdulillahi, har an haɗa hannu ɗaya. Ya ce Yaya ka zo Juma'a. Na fito har na kai titi sannan na tuna ban tambaye shi wace Juma'ar ba.