Fassara kaɗai ba ta isa ba

Abin na damuna, mutane da yawa a Nima, wata unguwa a Accra, na ganin indai an fassara takardar tambayoyin lafiyar baki zuwa Hausa to shikenan, ai kalmomin duk suna nan. Gaskiya ba haka ba ne. Ko OHIP-14, tambayoyi 14 kan yadda matsalar baki ke shafar rayuwar mutum, da mai bincike Gary Slade ya fitar a 1997, sai wani daban ya mayar da fassarar zuwa Turanci a duba ko ma'ana ta ɓace, a gwada da mutanen unguwa, bayan sati biyu a sake tambayarsu a ga ko amsar ta canza. Misali ka tambayi wata hajiya ko cin abinci na ba ta wahala, ta ce a'a, alhali ta bar goro da nama tuntuni, koko kawai take sha.