Masu sayar da takalmin hawa dutse, ku ji tsoron Allah mana

Wai don Allah wa ya ba ƴan kasuwar intanet izinin rubuta "ruwa baya shiga" a kan duk wani but da suka ga yana da dogon wuya? Sai su ɗauki bidiyo suna tsoma takalmi a bokiti su ciro su nuna maka ciki a bushe, shikenan kai kuma ka tura kuɗi. Tsoma sabon takalmi a bokiti ai ba gwaji bane, gwaji yana cikin ciyawar Mambila da sassafe lokacin da raɓa ta sauka.

Ni na sayi nawa ne saboda tafiyar Chappal Waddi a Taraba, dutsen da yafi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419, kuma kuɗin da na biya ba na wasa bane. Tun bamu tsallaka rafi ko ɗaya ba safata ta jiƙe sharkaf, kafin mu sauko tafin takalmin ƙafar dama ya buɗe baki yana faɗa-faɗa, da igiya na ɗaure shi. Na kai wa shumeka a Gembu, ya sa yatsa ya ɗan murza soson da ke tsakanin tafi da jikin takalmin sai gashi yana zuba kamar garin kwaki, yace min ɗan uwa ko gam ɗin duniya zan zuba ba abin da zai kama.

Abin da yafi ƙona min rai shine wannan ba tsautsayi bane, sananniyar matsala ce kuma masu shigo da kayan sun san ta. Wannan soson da ake kira PU danshin iska yana cinsa a hankali ko ba a taɓa saka takalmin ba, ajiya ma tafi kashe shi akan amfani. To sai a kwaso tsohon kaya da ya shekara da shekaru a sito a Turai, a loda a kwantena, yazo ya ƙara shan zafi a shago, a goge shi ace maka sabo fil a kwali. Eh sabo ne a ido amma cikinsa ya mutu. Wasu kamfanonin suna buga wata da shekarar da aka yi takalmi a ƙyallen da ke ƙarƙashin harshensa, nawa da almakashi aka yanke wurin.

Maganar ruwa kuwa, na ainihin yana da wata siririyar shimfiɗa da aka ɗinka a ciki kamar safa, irin su Gore-Tex wanda Bob Gore ya gano sinadarinsa a 1969, ƙofofinta ƙanana ne sosai ɗigon ruwa baya iya wucewa amma tururin gumi yana fita, kuma ana liƙe duk layin ɗinki da tef. Da na farke cikin nawa ba komai sai yadi da soso da wani tambari da aka liƙa a gefe. Kuma ko na gasken ma yana da iyaka, gumi baya fita sosai sai in waje yafi cikin takalmin sanyi da bushewa, a zafin damina ƙafarka zata jiƙe da zufarka ne kawai, ga yashi da lanƙwasar yatsu suna huda shimfiɗar a hankali, in ruwa ya zubo ta saman wuya kuwa sai ya kwana biyu bai bushe ba. Ba mai sayarwar da zai gaya maka ko ɗaya cikin waɗannan.

Yanzu duk wanda zai sayar min da but sai ya turo hoton ƙyallen nan, sai na danna soson da farce, kuma na fi son na fata mai ɗinkakken tafi wanda in ya cinye za a iya canza shi.

Shi kuwa mutumin da ya sayar min, da na tura masa hotuna amsarsa wai "oga ai kai ka shiga ruwa da shi, kuma kaya in ya fita baya dawowa". Takalmin da ka rubuta da manyan baƙaƙe cewa ruwa baya shiga! Na sake masa magana sai kawai ya yi bulokin ɗina, kuma har yau tallan bokitin nan yana nan a shafinsa.